Muna Jiran Littafin Aljanin Nan, Amma Wane Irin Masoyi Za a Kawo Mana?

Da zarar marubuciya ta saki fosta, hoton wata budurwa cikin mayafi da inuwar wani mai jan ido a bayanta, aka rubuta "saura kwana bakwai" a ƙasa, to zaurukan karatu na WhatsApp sun rikice ke nan. Wannan ta ɗora a sitatus, waccan ta fara ƙirga kwanaki, wata kuma tun ba a saki shafin farko ba ta riga ta zaɓi ɓangare: ita dai tana bayan aljanin. A nan Badarawa, daga 'yan matan da ke dawowa daga Islamiyya da yamma har samarin da ke zaune a shagon cajin waya suna jiran batir ya cika, za ka ji ana ta hasashe. Wai zai bayyana mata a siffar mutum ne ko a mafarki zai fara zuwa? Wai za ta san ko shi wane ne kafin aure ko sai bayan an ɗaura?

Ni ban ga abin kunya a wannan ɗoki ba. A zamanin da kowa ke cewa matasa ba sa karatu, ga yara nan suna sayen data da kuɗin tara, suna hana idonsu barci don su karanta shafi ashirin da Hausa. Wannan abin murna ne. Amma wanda ya jira abu, ya kashe masa kuɗi da lokaci, yana da haƙƙin ya tambayi abin da za a kawo masa. Tambayata ga marubutanmu da mu masu karatu ita ce: wane irin masoyi ne muke ta jira haka, kuma me zai bari a kan ƙanwarmu mai shekara 15 idan ta gama karantawa?

Ba yau aka fara ba

Da farko a kawar da wata magana da ake yawan yi, cewa labarin soyayya da aljanu kwaikwayon Turawa ne ko na Indiya. Gaskiya ne finafinai irin su Twilight, wanda aka ɗauko daga littafin da Stephenie Meyer ta fitar a Amurka a 2005, da shirin Naagin na Indiya da aka fara a 2015, sun shigo mana har ɗaki. Amma aljanu sun daɗe a cikin rubutun Hausa, tun kafin a haifi iyayenmu.

A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, kuma a cikinsa jarumin ya yi hulɗa da aljanu. Magana Jari Ce ma cike yake da su. Sai kuma babban misali: So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, wanda ake ƙirgawa a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne da Yasir, soyayyar da ta ƙetare bambancin asali, kuma aljana ce ta shiga tsakaninsu. Ku lissafa da kyau: shekara 25 ke nan kafin Twilight ya fito. Bayan nan marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka riƙe masu karatu da labaran ban tsoro da na yaƙi, inda mutum da aljan ke cuɗanya.

Ɗokin jira ma gadonmu ne. Iyayenmu mata da suka tashi a shekarun 1990 sun san zafin jiran "littafi na biyu". A lokacin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mutum zai karanta kashi na ɗaya, a yanke masa labari daidai inda ya fi daɗi, ya yi ta zarya wurin mai hayar littattafai yana tambaya ko ci gaban ya iso daga Kano. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu mai hayar ya koma cikin waya, Wattpad da Telegram da WhatsApp sun maye gurbin teburinsa. A Amurka ma haka aka yi a 2008, lokacin da kashin ƙarshe na jerin Twilight zai fito: matasa suka yi dafifi a shagunan littattafai da tsakar dare. Ɗan Adam dai ɗaya ne wurin son jin ƙarshen labari.

Inda muka bambanta da su

Ga inda maganar take da nauyi. Yarinyar da ke karanta Twilight a Amurka ta san babu wani mai shan jini da zai zo makarantarsu. Ta rufe littafi, ta kashe fitila, magana ta ƙare. Mu kuwa ba haka ba ne. Aljanu a wurinmu ba ƙirƙirar marubuci ba ne. Akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, sura ta 72. Tun muna yara ake hana mu zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba, ake hana mu zama a bakin ƙofa da magariba, ake ja mana kunne kan gindin tsamiya da kuka da tsakar rana. Masu bori suna da birninsu na Jangare da sarakunansa da fadawansa. A kowace unguwa, Badarawa ce ko Kwaru ko Malali ko Unguwar Dosa, akwai gidan da aka taɓa cewa "an shafi" wata, akwai malamin da ake kai wa ruƙiyya.

Saboda haka idan marubuciyar Hausa ta rubuta cewa aljani ya kamu da son wata, tana taɓa abin da mai karatu ya yarda zai iya faruwa da shi yau da daddare. Wannan ne ya sa labaran suke kama mu fiye da na Turawa, tsigar jiki ta tashi da gaske. Wannan ne kuma ya sa nauyin da ke kan marubuciyarmu ya fi na Stephenie Meyer. Wuƙar da ta fi kaifi ita ta fi bukatar a iya riƙe ta.

Malamai ma sun daɗe da ganin haka. A littafin Akamul Marjan na Badaruddin Shibli, malamin ƙarni na 14 da ya tattara hukunce-hukuncen da suka shafi aljanu, an ruwaito cewa an tambayi Imam Malik game da auren mutum da aljan, ya nuna ƙinsa, saboda gudun kada mace ta zo da ciki a tambaye ta, ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yaɗu. Ku duba abin da ya dame shi: yadda mutane za su fake da maganar aljanu su ɓoye abin da ɗan Adam ya aikata. Yau ma wannan damuwar tana nan daram.

Masoyin da ake kawo mana

Duk wanda ya karanta irin waɗannan littattafai uku ko huɗu ya san jarumin. Kyakkyawa ne na ƙarshe, ɗan sarkin aljanu ne ko yarima, shekarunsa ɗaruruwa, dukiyarsa ba ta ƙirguwa. Ya ga yarinya tun tana ƙarama ya ce tasa ce. Yana shiga ɗakinta tana barci. Duk saurayin da ya zo wurinta sai ya haukace ko ya yi hatsari. Yana raba ta da ƙawayenta, wani lokaci har da iyayenta. Ta yi kuka, ta ce ba ta so, ya ce ai son da yake mata ne ya jawo. Can wajen shafi na tamanin sai zuciyarta ta karaya ta fara sonsa, mu kuma a wurin sharhi mu cika da hotunan zuciya muna cewa "wayyo, Allah ya ba mu irinsa".

To 'yar uwa, cire masa rawanin sarautar aljanu, ki sa masa shadda da hula, ki ajiye shi a layinku. Mutumin da ke bibiyarki duk inda kika je, yake duba wayarki, yake razana duk wanda ya gaishe ki, yake cewa in ba shi ba sai dai ki mutu ba aure. Me za ki kira shi? Me Mama za ta ce idan ta ji? Wannan ba masoyi ba ne, mutumin da ake kai ƙararsa wurin mai unguwa ne. Twilight ma an yi masa wannan sukar a can ƙasarsu: Edward mai shekara sama da 100 yana shiga ɗakin Bella mai shekara 17 yana kallonta tana barci, aka ce wai soyayya ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kakanninmu sun fi mu wayo a nan. Ku tuna tatsuniyar budurwar nan da ta ƙi duk samarin garinsu, ta ce ita sai wanda ba shi da tabo ko ɗaya a jikinsa. Baƙo ya zo, kyakkyawa sumul, ta bi shi. Sai da suka yi nisa cikin daji ya fara mayar da kayan aro, ya koma ainihin siffarsa. Wannan ma labarin soyayya da wata halitta ne, akwai tsoro, akwai ɗoki, yara suna manne da kaka har a ce ƙurunƙus. Amma darasinsa a fili yake: wanda ya cika kyau ba a san asalinsa ba, a yi hattara. Yawancin littattafanmu na yanzu sun ɗauki wannan tatsuniyar sun kifa ta. Dodon ne yanzu ake yi wa guɗa, ƙanen da ya bi yayarsa don ya cece ta kuma shi ne mugu mai hana ruwa gudu.

Ba cewa nake dole kowane labari ya ƙare da wa'azi ba. Cewa nake marubuciya ta san abin da take yaba wa. Ana iya rubuta aljani mai kishi da mallaka, labarin ya yi daɗi ƙwarai, ba tare da an nuna cewa mallakar ita ce so ba. Ana iya ba yarinyar baki da wayo da zaɓi, ta ce a'a, a'ar tata kuma ta yi aiki.

Idan ciwo ne fa?

Akwai wani ɓangaren da ya fi wannan zafi. A littattafan nan alamomin "ya kamu da sonta" kusan ɗaya ne: tana faɗuwa tana shure-shure, tana jin muryoyi, tana ƙin mutane, tana jin an danne ta cikin barci, manema suna gudu. Waɗannan alamomin kuwa akwai 'yan mata na gaske da ke fama da su, kuma da yawansu suna da suna a asibiti. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke ɗauke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwar idan aka gano ciwon aka ba su magani yadda ya dace. Dannau da muke jin tsoro, likitoci sun san shi: ƙwaƙwalwa ce ke farkawa kafin jiki ya saki, kuma rashin isasshen barci yana ƙara shi. Ku lura, rashin barci, mu da muke karatu har ƙarfe biyun dare. Ciwon damuwa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa su ma suna da magani.

A garin nan namu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ƙetaren kogi kawai, ga kuma asibitin koyarwa na Barau Dikko. Amma yarinyar da ta karanta littafi goma duk suna ce mata faɗuwa alamar wani yarima ne ke sonta, yaushe za ta ce a kai ta asibiti? Iyayen da suka riga suka yanke cewa namijin dare ne, yaushe za su nemi likita? Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, ana haɗa su. Matsalar ita ce a shekara ana abu ɗaya an bar ɗayan, yarinya ta bar makaranta, a unguwa a sa mata suna. Mafi muni kuma shi ne abin da Imam Malik ya hango: yarinyar da wani na gida ko na maƙwabta ya cutar, ta koma shiru-shiru tana firgita, a ce aljanu ne, mai laifin yana yawonsa a gari.

Marubuciya ɗaya da za ta sa jarumarta ta je wurin malam ta kuma je wurin likita, a cikin labari mai daɗi, za ta yi aikin da fosta ɗari ta wayar da kai ba za ta yi ba, domin ita ake karantawa a ƙarƙashin bargo.

"Ai labari ne kawai"

Na san abin da wasu za su rubuto: malam, ka bar mu mu huta, labari ne kawai, mun san bambancin littafi da rayuwa. Na yarda, babba ya sani. Amma zaurukan nan ba sa tambayar shekaru. Littafin da matar aure mai shekara 30 ta biya ta karanta, gobe yana wayar 'yar aji uku a sakandare, an turo mata kyauta. Ita kuma a nan take fara koyon yadda so yake, tunda a gida ba a wannan hirar da ita.

Wasu kuma ta ɗaya gefen za su ce a hana rubuta su gaba ɗaya. An gwada. A 2007 gwamnatin Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, hukumar tace finafinai ta jihar kuma ta matsa wa marubuta su yi rajista. Me ya biyo baya? Cikin 'yan shekaru rubutun ya bar takarda ya koma waya, inda babu mai tacewa, babu edita, babu ma wanda ya san ainihin sunan mai rubutun. Wanda ya iya ƙona littafi ba zai iya ƙona zauren WhatsApp ba. Abin da ya rage shi ne masu karatu su zama masu tacewa da kansu, kuma wannan ya dawo da maganar kanmu.

Namu laifin, namu ikon

Littafin intanet ba kamar na takarda ba ne. Sau da yawa ana rubuta shi ne ana sakewa, shafi-shafi, marubuciya tana duba sharhinmu kafin ta rubuta na gobe. Idan muka yi ta ihu a ƙara zafin kishi, za a ƙara. Idan shafin da aljani ya shaƙe saurayin yarinya ya fi kowane samun sharhi, an gane abin da kasuwa ke so. Wato da hannunmu ake rubuta rabin littafin. Ranar da muka fara tambaya a sharhi, "ita yarinyar ba ta da ra'ayi ne?" ko "me ya hana a kai ta asibiti?", za a ga canji.

Sai maganar kuɗi. Yawancin marubutan nan mata ne, suna rubutu da babban yatsa a waya, tsakanin girki da raino da makaranta, da datarsu da cajinsu. Ta ce a biya 'yan ɗaruruwan naira a shiga zauren masu biya, kuɗin da bai kai na shawarma ɗaya ba. Mutum ɗaya ya biya, kafin gari ya waye littafin yana zaure ashirin. Wasu ma har karanta shi suke a YouTube suna samun kuɗi da guminta ba da izininta ba. Sannan mu dawo muna ƙorafin rubutu ba inganci, ba a gyara kurakurai, an yanke labari a tsakiya. Da me za ta biya mai gyara? Yaushe za ta zauna ta yi bincike, ta tambayi malami, ta tambayi likita, alhali ta san ranar da ta saki shafi ranar za a sace? In dai da gaske muna ɗokin littafin, hanyar nuna ɗokin ita ce a tura kuɗin, a kuma ƙi turawa wanda bai biya ba. Haƙƙi haƙƙi ne ko na naira ɗari uku ne.

Kuma mu rage matsa musu da "Anti yaushe za a ci gaba?" safe da yamma. Gaggawar nan ce ke haifar da shafukan da ba komai cikinsu sai kwatancen gado da mota da kalar leshi. Masu hazaƙa suna nan. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta ta nuna haka, bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a nan Kaduna a 2017 ya nuna garin nan yana da masu son karatu. Abin da suka rasa shi ne lokaci da lada.

Abin da nake fata idan ya sauka

Ina so littafin da muke jira ya tsorata ni da kayan gidanmu. Ba na bukatar fada mai kama da ta fim ɗin Indiya. A ba ni lungun Badarawa bayan an ɗauke wuta, da kukan kare daga nesa, da tsohuwar rijiyar da aka rufe da kwano, da bakin Kogin Kaduna lokacin da ruwa ya cika a watan Agusta. A ba ni yarinya mai zuwa makaranta a Keke Napep, mai faɗa da ƙanenta kan caja, mai azkar ɗinta na safe da yamma, wadda idan abin ya zo mata za ta yi tunani, ta nemi shawara, ta yi zaɓi. A ba ni uwa mai hankali da malami mai tsoron Allah da likita mai sauraro. In za a yi aljani mai so, a bar shi ya gane cewa wanda ba a so dole ya haƙura, ko da shekararsa dubu.

Marubutanmu za su iya. Hajiya Hafsat ta buɗe ƙofar tun 1980 ba tare da waya ko intanet ba. Ku da ke da masu karatu dubbai a tafin hannu, ku ba mu labarin da za mu iya tura wa ƙannenmu ba tare da mun goge wani shafi ba. Mu kuma ga alkawari: za mu jira, za mu biya, za mu karanta, sannan za mu faɗi gaskiya a wurin sharhi.